Ruwan Cikin Murfin Gora

Aikina a wancan lokacin shi ne gano shekarun laka. Duk wanda na faɗa wa haka a gida sai ya yi dariya. Innata kuwa cewa ta yi, ashe duk taɓon da ke bayan gidanmu da damina bai ishe ni ba, sai na haye jirgi na tafi Ingila neman wani.

Lakar ba irin tamu ba ce. Jirgin ruwa ne ke zuwa tsakiyar teku, ya zura dogon bututu har ƙasa, ya yanko lakar da ta yi shekaru aru-aru tana kwanciya wani kan wani. A can ake tsaga bututun, a ɗebo kaɗan-kaɗan a zuba a 'yan ledoji, a rubuta zurfin kowacce a jikinta, a aiko mana. Idan aka wanke lakar a rariya aka busar, abin da ya rage kamar garin tuwo yake. Sai an sa shi a maikiroskof, na'urar nan mai ƙara girman abu, sannan za a ga ashe kwanson wasu ƙananan halittu ne da suka rayu a ruwa suka mutu suka nutse. Kowace halitta da zamaninta: akwai lokacin da ta ɓullo, akwai lokacin da ta ƙare. Kamar akwatin zannuwan Innata ne. Na ƙasa ya girmi na sama, kuma da ka ga zanen wata atamfa ka san yayin da aka yi ta. Da haka muke cewa wannan laka ta kai shekara kaza, waccan ba ta kai ba.

Iyalina suna Birmingham, a Small Heath, domin can maigidana yake aikin likita, can kuma 'yan matanmu biyu suke makaranta. Ni kuma digirin da nake nema yana Manchester. Ranar Litinin da safe na hau bas, ranar Alhamis da yamma na dawo, tsakani ina kwana a wani ɗan ɗaki a Moss Side wanda tagarsa ba ta rufuwa sosai. Shekara uku ina wannan zirga-zirga. Na san kowace kwana ta hanyar nan, na san inda direba ke taka burki, kuma wallahi ban taɓa sauka daga bas ɗin ba tare da ciwon baya ba.

Shekarun ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ko'ina ka juya ana rufe wani abu. Ɗakin karatun unguwarmu ya koma buɗewa kwana uku a mako, wurin da nake kai ƙaramar 'yata wasa hukumar gari ta sa masa kwaɗo. A jami'a ma haka. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, sai a raba aikinsa ga waɗanda suka rage, a kuma aiko da wasiƙa ana gode musu.

A lab ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, akwai wata dattijuwa, ita ce mai wanke lakar. Iyayenta daga tsibiran Karibiyan suka zo, ita kuma a Moss Side aka haife ta, layi huɗu tsakanin gidanta da ɗakina. Anti nake ce mata. Da farko ta ce ita ba ta haɗa jini da ni ba, na ce a wajenmu ba a kiran babba da sunansa gatsau, ta ɗaga kafaɗa ta ƙyale ni. Ta fi shekara talatin a wannan ɗaki. Abin da aka san ta da shi rariyoyinta ne. Duk sa'ad da ta gama wanke leda ɗaya, sai ta goge rariyar, ta tsoma ta a wani ruwa mai shuɗi, sannan ta ɗauko leda ta gaba. Dalilin shi ne, idan wani kwanso ya maƙale a ramin rariya ya faɗa cikin lakar da ba tasa ba, zai fito da shuɗi a jikinsa, mai dubawa ya san baƙo ne ya yar da shi. Saboda haka gefen farcenta kullum shuɗi ne, kamar na matan marina.

Ita ta koya mini tsinta. Ana barbaɗa garin a wani ɗan faranti baƙi, a sa a maikiroskof, a riƙa ɗaukar kwanson ɗaya-ɗaya da buroshin zane, siriri, wanda gashinsa bai fi a ƙirga ba. Busasshen buroshi ba ya ɗaukar komai, sai da danshi. Ranar farko na tsaya ina neman ruwa.

"Sa shi a baki," in ji Anti.

Na dube ta.

"Haka kowa ke yi. Ki lasa, ki ɗauka, ki ajiye, ki sake lasa. Ni na haɗiye rabin tekun nan, ga ni ban mutu ba."

Ƙyama ta kama ni, amma kafin wata guda na saba, har ba na sanin ina yi. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, lasar nan ba jiƙa buroshi kawai take yi ba, tana share shi. Duk abin da ya maƙale a gashin yana tafiya.

Sunayen halittun na Latin ne, dogaye, don haka na raɗa musu nawa. Akwai goruba, akwai ƙwarya, akwai wata mai naɗi da nake kira 'yar alkaki. Ita wannan ta baya-bayan nan ce. A saman bututun tana nan birjik, idan aka yi ƙasa sai ta yi ta raguwa, har a kai wani zurfi da ba a ƙara ganinta, domin a lokacin da waccan lakar ta kwanta ba a halicce ta ba tukuna. Kowa a fannin ya san wannan iyaka, da ita ake auna shekaru.

A shekarata ta uku azumi ya faɗo tsakiyar bazarar Turawa, lokacin da rana ba ta da niyyar faɗuwa. Awa goma sha takwas da ɗoriya muke yi. Ranar farko na zauna, na ɗaga buroshi zan kai baki, sai hannuna ya tsaya. Garin kwanson nan fa yana shiga cikina, ga ni da azumi. Na kira maigidana a waya na tambaye shi, ya ce shi likita ne ba malami ba, idan na dawo Alhamis mu tambaya a masallaci. Ba mu tambaya ba, shi yana da aiki a asibiti, ni ina da wanki na mako guda. Kuma ko da malam ya ce ya halatta, ina yawun yake? Kafin azahar harshena ya zama kamar tsumma.

Sai na cire murfin wata gorar ruwa, na cika shi a famfo, na ajiye kusa da hannuna na dama. Na tsoma buroshi, na ɗauka, na ajiye, na sake tsomawa. Dabarar ta yi, har na ji daɗin kaina.

Anti ta zo wucewa da tiren rariyoyi ta gani. Ta tsaya.

"Duk ledar da kika gama, ki zubar da ruwan nan, ki ɗauraye murfin. Kin ji?"

Na ce na ji. Kwana biyu na yi haka. Amma famfon yana can ƙarshen ɗakin, ƙafafuna kuma kamar an ɗaura musu duwatsu, ruwan ga shi nan garau ba abin da ke ciki. Daga rana ta uku sai dai in ƙara wani a kai idan ya ragu. Daga saman bututun na fara, ina gangarawa ƙasa leda bayan leda, da murfi ɗaya.

A mako na uku na azumin na ga 'yar alkaki a inda bai kamata ta kasance ba, can ƙasa da iyakarta sosai. Na murza ido na sake dubawa. Ita ce, fara tas, ba ɗigon shuɗi. Washegari na samu biyu a leda ta gaba, jibi na samu wata. Gajiyar da ke jikina ta tafi. Shekara uku ina tsintar abin da wasu suka riga suka tsinta, yau ga nawa.

Na kai wa Farfesa, malamin da ke duba aikina. Mutum ne mai sanyi, wanda tarurrukan rage ma'aikata suka tsofar da shi a shekara biyu. Ya daɗe a kan maikiroskof ɗin, sannan ya ɗago ya ce idan abin nan ya tabbata, ko dai lakar ba ta kai shekarun da ake ba ta ba, ko kuma halittar ta riga ɓullowa a wannan teku kafin sauran. Ko wanne ne, babban abu ne. Amma zai sa a aiko da sabuwar laka daga wannan zurfin, a sake wankewa, a gani. Da Sallah, a gidanmu na Small Heath, har maigidana ya riƙa tsokanata a gaban baƙi yana cewa a gaida mai gyara wa teku shekaru.

Litinin ɗin bayan Sallah na koma, bakina ya dawo aikin lasa, na ce bari in yar da murfin nan. Ruwan ya bushe a kwanakin da ba na nan. A gindinsa akwai wani ɗan farin gari, kamar gishiri ya zuba. Ban san abin da ya sa na tura shi ƙarƙashin maikiroskof ba, hannuna ne kawai ya yi. Suna nan kwance, goruba, ƙwarya, da 'yar alkaki fiye da goma. Tun daga saman bututun suke zubewa daga buroshina suna taruwa, ni kuma duk tsomawar da ta taɓa gindin murfin sai in kwaso ɗaya in kai ta tsohuwar laka da hannuna. Na naɗe murfin a takarda na sa a jaka. Da yamma, a tashar bas, na jefa shi a kwandon shara.

A daidai wannan lokacin ne wasiƙa ta zo cewa ma'aikatan lab biyu da suka rage a sashenmu, Anti da wani mai yanka duwatsu a bene na ƙasa, za a mayar da aikinsu na mutum ɗaya. Kowa ya san an ce Farfesa ya rubuta bayani a kan kowannensu. Ni ma na sani.

Sabuwar lakar ta zo, Anti ta wanke, Farfesa da kansa ya tsince ta. Babu 'yar alkaki ko ɗaya. Ya kira mu ofishinsa, ni da ita, da misalin ƙarfe goma na safe. Ya ce ba ya neman mai laifi, yana so ne ya san ta inda suka shigo. Sannan ya ce, a ganinsa, sai dai ta rariya.

"Rariyata tana shiga shuɗi bayan kowace leda," in ji Anti. "Da daga wajena suke, da kun gan su shuɗaye. Waɗannan farare ne."

Farfesa ya shafa goshinsa. Ya ce tun farkon shekara ita kaɗai take wanke wa ɗakuna uku, ba wanda zai ga laifinta idan sau ɗaya ta tsallake.

"Ban tsallake ba."

Sai ya juyo wajena. Ya ce ni fa, ko akwai wani abu a ɓangarena da zai iya jawo haka?

Anti ta dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, irin na wanda ya riƙe maka ƙofa yana jira ka wuce.

Na ce a'a, ban ga komai ba.

Na sha ba kaina dalilai a kan wannan a'a ɗin. Lokacin karatuna ya kusa ƙarewa, ina buƙatar Farfesa ya rubuta wa masu ɗaukar nauyina a gida su ƙara mini wata shida, bizata ma a kan wannan takarda take rataye. Wannan gaskiya ne. Akwai kuma wani abu da ya fi shi ci mini rai. Duk watan nan abokan aiki suna tambayata, cikin tausayi, wai ko ruwa ma ba na sha, wai ta yaya mutum zai iya aiki a haka. Ni kuma ina ce musu lafiya lau, mun saba. Na hango yadda labarin zai zagaya ɗakin shan shayi, cewa azumi ya sa ta ɓata aikin wata guda, na ji ba zan iya ba. To amma ba azumi ne ya hana ni tashi in je famfo ba, ganda ce, kuma an faɗa mini. Tsoro ne da kunya suka rufe mini baki, na bar dattijuwa ta ɗauki kayana.

Anti ta tashi ta koma wajen rariyoyinta. Kwanakin da suka biyo baya tana gaishe ni kamar kullum, tana ajiye mini garin da ta busar a kan tebur da rubutunta mai kyau a jiki. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafin sanyi ya shigo aka ce mai yanka duwatsu ne zai zauna. Aka yi mata ɗan taro da kek, aka zagaya da kati kowa ya sa hannu. Na rubuta cewa na gode da duk abin da ta koya mini. Har yau idan na tuna wannan layi sai in ji kamar in nutse.

An ƙara mini wata shidan. Na gama, aka ba ni digirin, lakar kuma ta zauna a shekarun da aka san ta da su tun farko, ko kwana ɗaya ban gusar mata ba. Na tattara na koma Birmingham gaba ɗaya, na samu 'yar koyarwa ta wucin gadi. Zirga-zirga ta ƙare amma gajiyar ba ta tafi ba. Azumi biyu suka wuce, kowanne idan ya zo sai in kasa kallon murfin gora a kan tebur.

Wata Asabar da hantsi, muna dawowa daga sayen nama ni da maigidana, na faɗa masa komai a cikin mota. Muka shiga layinmu. Ya kashe motar, ya ce, "Haƙƙin mutum ne wannan, ba istigfari kaɗai zai ɗauke shi ba. Ki je ki same ta."

Na fara rubuta wa Farfesa. Amsarsa layi uku ce. Ya gode da na faɗa, ya ce hukuncin daga sama ya zo kuma yana jin ba abin da zai canja shi, sannan lab ɗin ma an rufe shi bara, an kwashe rariyoyin an kai wani gari. Na karanta wannan "yana jin" ɗin ya fi sau goma.

Na soya cincin, domin Anti tana sonsa, na hau bas ɗin nan dai, bayana ya yi ciwon da ya saba. Gidanta na tsakiyar jerin gidajen jan bulo, da tukwanen fure biyu a bakin ƙofa. Ta buɗe, ta dube ni, ta ce in shigo ana sanyi. Ta ɗan rame. Ta ce yanzu tana aikin kwana uku a kicin ɗin wata makarantar firamare, yaran suna da surutu amma ba laifi. Ta haɗa shayi, ta juye cincin ɗin a faranti, muka zauna a kicin.

Na faɗa mata. Murfin, farin garin, kwandon shara na tashar bas, duka. Ita kuwa tana juya cokali a kofi.

"Na sani," ta ce. "Ranar Juma'ar da ba kya nan na zo goge tebur, na ga ruwan ya ja baya, na ga abin da ke ƙasa. Na bar miki shi a wurin don ki gani da idonki."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba, a ofishin?

"Na faɗi nawa. Na ce ban tsallake ba. Sauran naki ne, kuma ke ɗaliba ce, idan daga bakina ya fito ya zama ƙara. Na ɗauka za ki yi magana." Ta kurɓi shayi. "Aikin kam wataƙila da sun karɓe ko ta yaya, ni ce babba, na fi tsada. Ba shi ke damuna ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa tsallake shuɗin nan ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata na dawo da yamma na tsoma rariya. Abin da aka rubuta a kaina na ƙarshe shi ne wai na gaji na tsallake."

Na ce na rubuta wa Farfesa gaskiyar. Ta tambaya ko ya ce zai gyara takardar. Na ce bai ce ba. Ta gyaɗa kai.

Sai na yi abin da aka koya mini tun ina yarinya. Na sauko daga kujera na durƙusa a kan ledar ƙasan kicin ɗinta, na ce, "Anti, don Allah ki yafe mini." A gida, idan ka yi haka, ka san abin da zai biyo baya. Za a ce haba tashi, ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ko zuciyar mutum ba ta huce ba bakinsa zai faɗa, kai kuma ka tashi da sauƙi. Ina durƙushe ina jiran wannan, kuma sai a lokacin na gane cewa tun daga Birmingham shi na zo karɓa.

Anti ta dube ni daga inda take zaune. Hannayenta biyu suna riƙe da kofin, farcen fari tas, shuɗin ya fita gaba ɗaya.

"Na ji ki," ta ce. "Tashi, ƙasan akwai sanyi. Bas ɗinki ƙarfe nawa ne?"

Na ce ƙarfe huɗu. Ta ce to in sha shayina kafin ya huce, ta turo mini farantin cincin ɗin da na kawo.